Sa Hannun Baba a Allon Gilashi

Laraba, 2 ga Oktoba, bayan La'asar

Na sayi littafin nan ne don in riƙa rubuta ranakun ban-ruwa, ga shi da masifa zan buɗe shi.

Yau aka tara mu a gindin ɗorawa, wai sabunta rajista. Duk mai lambu a bakin kanal sai ya sake sa hannu kafin Alhamis 24 ga wata, in ba haka ba lambunsa ya koma hannun ƙungiyar manoman rani, ta ba masu jira. Alhaji Maikano, shugaban ƙungiya, shi ya karanta sanarwar, yana karantawa yana leƙena ta saman tabarau. Kowa ya san ɗan ƙaninsa ne na farko a layin masu jira. Kowa kuma ya san lambun da ruwa ke fara taɓawa namu ne.

Lambun nan ba sadaka aka ba mu ba. Shi aka ba kakana Mu'azu lokacin da ruwan Tiga ya haɗiye tsohon garinmu, da masallacinsa da kushewoyinsa. Shi kaɗai muka fito da shi.

Sun ɗauko wata ma'aikaciya daga Kiru, Malama Khairiyya, da kwamfutar nan mai siffar allo, ta gilashi, da alƙalaminta na roba marar tawada. Da ita aka yi rajistar farko shekara uku da suka wuce. A lokacin an ce kowa ya zaɓa: ko dangwale a takarda, ko sa hannu a gilashi. Masu dangwale yau sun dangwala sun tafi. Tsoho Abba, wanda bai san alifi ba ko da ya taka shi a hanya, minti ɗaya ya gama ya koma ga awakinsa.

Baba kuwa? Na tuna ranar kamar yanzu. Ya ce, "Ni da na rubuta wa gari guda wasiƙu, in dangwala yatsa kamar mai ɗanɗana miya?" Ya karɓi alƙalamin roba ya zana sunansa da ajami, Mainasara ɗan Mu'azu, har wutsiyar ƙarshe ta kusa fita daga gilashin.

Yanzu manhajar da ke cikin allon ta ajiye wancan, tana son irinsa. Sai sun yi kama da kashi saba'in cikin ɗari. Gwaji uku kawai.

Na ce, "Malama, Baba ba ya jin daɗi."

Ta ce, "Allah Ya ba shi lafiya. Zan zo har gida."

Na ce, "To ya dangwala mana."

Ta ce, "Ba shi da dangwalen baya da za a gwada da shi, Malam Mujitaba."

Ka ji fa. Wanda bai iya rubutu ba ya tsira, mai alƙalami ya maƙale.

Alhamis, 3 ga Oktoba, da safe

Na yi wa irin albasa ban-ruwa. Ya fito kore shar, shi bai san komai ba.

Juma'a, 4 ga Oktoba, bayan masallaci

Ba na son Juma'a yanzu.

Yaya Ramla ta ce in shiga in gaida Baba. Na gaishe shi daga bakin ƙofa, ya ji ni. Ta bar gidan mijinta a Badafi sati uku ke nan, ita ke juya shi, ita ke ba shi kunu da cokali, saboda haka tana ganin ta sami lasisin yi min wa'azi.

Ta ce, "Bakin ƙofa gaisuwar baƙo ce."

Na ce, "Ɗakin ne ƙarami."

Ta ce, "Da can da kake cin tuwo a ciki fili ne?"

Na fita.

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan Azahar

Malama Khairiyya ta zo a achaɓa, allon a cikin jaka rungume a ƙirji kamar jariri. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ba zan yi mata ƙarya ba. Yaya ta jingina shi da bango. Ni ina bakin ƙofa.

Hannun daman da ya shanye bai tashi ba. Yaya ta sa masa alƙalamin a yatsu, ya zame. Ta sake sawa, ya zame. Na uku Baba ya kawar da kai ya miƙo na hagu.

Na hagu! Mutumin da ya taɓa dukan bayan hannuna saboda na karɓi goro da shi.

Ya daɗe yana yi. Abin da ya fito kamar kaza ta bi ta kan danyen siminti. Allon ya yi ɗan tunani, sai ya fito da lamba da jan rubutu: 19.

Sha tara. Wato wani gilashi da aka ƙera a ƙasar da ba su taɓa jin sunan Bebeji ba ya dubi Malam Mainasara ya ce masa, kashi sha tara ne kawai kai.

Na ce, "Malama, ke ba ki da ido? Ga mutumin nan a gabanki. Ga Yaya, ga ni, ga liman in kina so in kira. Wa zai ce ba shi ba ne?"

Ta ce, "Ni na yarda shi ne. Ba ni ke danna amincewa ba."

Na ce, "To mene ne amfaninki, ɗaukar jaka?"

Yaya ta ce, "Mujitaba!"

Dama maganar Baba ba ta fita sosai. Amma ya kalli lambar nan ya daɗe, ya iya karanta lambobin boko sarai, ko da yake yakan yi kamar bai iya ba.

Saura gwaji biyu.

Talata, 8 ga Oktoba, da hantsi

Na ba Malama haƙuri ta waya. Rabin haƙuri. Ta ce in je ofishinsu na Kiru in nemi a sauya Baba zuwa dangwale.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan Magariba

Kiru. Na tashi tun da asuba, achaɓa zuwa Ƙofa, bas zuwa Kiru, na zauna a benci har ƙafata ta yi tsami. Wani mai jar hula ya ce sauyawa ba daga nan ba ne, sai injiniyan kamfanin manhaja, yana Tudun Wada. Na ce a ba ni lambarsa. Ya ce ba a bayarwa. Na ce to a rubuta min takarda. Ya ce sun daina takarda, komai a allo ne yanzu. Na ce to a rubuta a allon. Ya ce allon yana hannun Khairiyya.

Wallahi na ji hannuna yana neman wuyan rigarsa.

A bango sun manna takardar bayani da Turanci, na tsaya na karanta ta tsaf har ƙasa. Mai jar hula ya ce, "A'a, ashe ɗan makaranta ne." Ban taɓa zama a aji ba. A buhun taki na koyi boko, da bayan manyan motoci, da wayar mutane in sun ba ni caji. Harafi ɗaya ɗaya na ƙwace shi, ba wanda ya riƙe min hannu. Ban gaya masa ba, bai isa ba.

Takardar ta ce manhajar "tana gane hannun kowa". Kowa.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan La'asar

Tudun Wada. Injiniya ya tafi Kano. Wanda ya bari a shagon ya ce ko yana nan ma ba ya sauya komai sai da yardar kwamitin ƙungiya. Na dawo na sami Alhaji Maikano a rumfarsa yana yanke farce.

Na durƙusa, na yi duk gaisuwar da ake yi, har na tambayi gajiyar da bai yi ba.

Ya ce, "Ɗana, ya mai jiki?"

Na ce, "Da sauƙi, Alhaji. Kwamiti nake so ya zauna."

Ya ce, "Kwamiti zai zauna mana. Farkon watan gobe."

Na ce, "Alhaji, ashirin da huɗu ake rufewa."

Ya ce, "Ka ga, ni ba na sa baki a aikin na'ura. Don haka muka kawo ta, don kar a ce Maikano ya yi son kai. Ita ba ta da ɗan'uwa."

Na ce, "Ita ba ta da shi, kai kana da shi."

Ya ajiye rezar. Ya ce, "Bakin nan naka, ai na ji abin da ya riga ya jawo."

Ban san wa ya gaya masa ba. Ni da Baba ne kawai a lambu ranar da ya faɗi.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ban je ko'ina ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan Azahar

A katin ƙungiya akwai hoton sa hannun Baba, ɗan ƙarami, an datse gefunansa don ya shiga akwati. Na ɗauko shi daga aljihun rigarsa da ke rataye a igiya. Na cika shafi shida a bayan littafin nan ina kwaikwayon sa hannun. Shekara bakwai rabona da ajami, hannuna ya yi tauri, amma zuwa shafi na biyar na ajiye nawa kusa da nasa na kasa bambancewa.

Ba sata ba ce. Lambunmu ne. Ba sata ba ce.

Litinin, 14 ga Oktoba, da safe

Ɗan ƙanin Maikano ya bi ta gefen lambu yau, yana tafiya a hankali yana auna kunya da ido. Ya ce min sannu da aiki. Na ce ya taka min iri ya gani.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan La'asar

Na ɓata.

Bari in rubuta yadda aka yi don kar gobe in gyara wa kaina labarin. Malama ta biyo ta duba ko hannun ya ɗan saki. Ta buɗe shafin Baba a allon, ta dubi hannun, ta ce a'a, kar a ƙona gwaji a banza, a bari sai ranar ƙarshe. Aka kira Azahar, ta ajiye allon a kan tabarma a tsakar gida ta shiga ɗakin Yaya yin sallah. Shafin a buɗe. Alƙalamin a gefe.

Na yi sa hannun a hankali, na yi shi da kyau. Wallahi ya fi wanda ke katin kyau.

41.

Ta fito tana gyara mayafi, ta ga "gwaji 2 cikin 3". Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi min sauƙi.

Ta ce, "Ka san in na rubuta abin da ya faru, an rufe shafin nan yau?"

Na ce, "Dube shi! Dubi katin! Ina bambancin?"

Ta ce, "Zauna, Malam Mujitaba. Kai kana ganin hoto take kallo. Ba hoto take kallo ba, tafiyar hannu take bi. Inda ka fara, inda ka ɗaga, inda ka danna, inda ka yi gudu, inda ka tsaya. Tun daga taɓawar farko take ƙirgawa." Ta danna wani wuri, sai nawa ya fara rubuta kansa a gilashin, layi na bin layi kamar akwai aljani. "Ka gani? Daga hagu ka faro, irin na boko. Zane ka yi, ba rubutu ba."

Daga hagu. Sunan ubana, na faro shi daga wutsiya, ban ma sani ba.

Na ce, "To nuna min na Baba yadda yake tafiya."

Ta ce, "Wannan ba ya buɗuwa sai an gama. Ko yana buɗuwa ma, bayan abin da ka yi?"

Sannan ta ce, "Wa ya koya maka ajami?"

Yaya ce ta amsa daga bakin murhu. "Wa zai koya masa? Yana ɗan shekara biyar Baba ke ɗora hannunsa a kan nasa, suna bin allo tare har ya yi barci a cinyarsa."

Malama ta ce doka ta yarda a tallafa wa marar lafiya, muddin alƙalamin na cikin yatsunsa, da shaidu biyu. Ta ce, "In shi ya koya wa hannunka tafiya, wataƙila hanyar tana nan. Ka daina kallon katin. Ka riƙe hannunsa ku yi ta yi." Gobe za ta wuce Doguwa yin tasu rajistar, sai ashirin da huɗu za ta dawo. Ta ce na yau za ta rubuta shi a matsayin kuskuren taɓawa, kuma kar in gode mata, ba don ni ta yi ba.

Saura ɗaya.

Baba yana ɗaki, ƙofa a buɗe. Ya ji duka.

Laraba, 16 ga Oktoba, da hantsi

Riƙe hannunsa. Sai ka ce abu ne mai sauƙi.

Laraba, bayan La'asar

Yaya ta tare ni a zaure. Ta ce, "Me ka ce masa a lambu ranar Juma'ar nan?"

Na ce, "Likita ya ce jini ne ya hau. Dama yana da shi."

Ta ce, "Ban tambaye ka abin da likita ya ce ba."

Na ce ta matsa in wuce. Ta ce, "Wuce mana. Wata guda kana wucewa."

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan Azahar

Na shiga.

Ɗakin yana warin man zafi da tsofaffin takardu. Buhun nan yana nan a rataye, wanda ya cika da tarihin tsohon gari, gida gida, wa ke maƙwabtaka da wa, rijiyar wa ta fi zaƙi. Shekara da shekaru yana so in zauna in kwafe masa su a sabuwar takarda kafin gara ta gama da su. Ban kalli buhun ba.

Na zo da gilashin tsohuwar taga da murfin biro, don ya saba da santsi. Na zauna ta bayansa, ƙirjina a bayansa, na zagayo da hannuna. Ya rame. Ba wanda ya gaya min ya rame haka. Hannun kuwa sanyi, nauyi, kamar kifin da aka fito da shi tun safe.

Mun yi sau goma. Ba abin da ake gani a gilashi, sai ƙara, ƙiii.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Sau ashirin. Na shafa toka a gilashin don layi ya fito. Mummuna.

Asabar, 19 ga Oktoba, bayan La'asar

Akwai abin da ke ba ni haushi. Hannun da ba ya iya ɗaga cokali, duk sanda muka zo farawa sai ya yi wata fizga ƙasa, sau biyu, tak tak, a gefen gilashin. Ya ɓata tokar da ɗigo biyu. Rawar ciwo ce. Na matse wuyan hannun na hana shi. Ya yi wani gurnani. Na ce, "Baba, yi haƙuri, allon nan ko ƙuda ya sauka sai ya ƙirga." Na ƙara matsewa.

In na rufe ido ya fi fita. Abin haushi ke nan. In na daina tunani, hannuna ya san hanya, daga dama ya gangaro, ya yi ciki, ya ɗaga, ya ja wutsiya. Shekara bakwai ina korar abin nan daga jikina ashe yana kwance yana jira.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da safe

Albasa ta isa dashe. Ban dasa ba. In dasa wa ɗan ƙanin Maikano?

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan Azahar

Tak tak ɗin nan zai kashe ni. Yau na ji shi yana ja da ni sosai, da ɗan ƙarfin da ya rage masa, har gumi ya fito masa a goshi. Na yi tsawa. Ban yi niyya ba, na dai ce, "Haba Baba, ka tsaya mana!"

Ya tsaya. Ya saki hannun gaba ɗaya, ya zama kifin nan. Muka yi sau biyar a haka, ni kaɗai ke ja. Layin ya fito tsaf, ba ɗigo, ba rai.

Na fita na zauna a bayan gida.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan Magariba

Ranar Juma'ar nan Baba ya kawo maganar buhu ne kuma, muna cikin gyaran kunya. Na gaji, rana ta yi zafi. Na ce masa rubutunsa ya nutse tare da tsohon gari, ba mai karanta shi sai kifi.

Akwai saura. Ba zan rubuta ba.

Na tafi na bar shi da fartanya. Tsoho Abba ne ya gan shi yashe a tsakanin kunya.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan La'asar

Yaya ta zauna ta kalli gwajinmu yau, tana tsince shinkafa. Da muka fito ta ce, "Kai dai ba ka da ido. Ba rawa hannun yake ba."

Na ce, "To me yake, kiɗa?"

Ta ce, "Tawada yake kakkaɓewa. Tun muna yara, in ya tsoma alƙalami a kurtu sai ya buga bakinsa sau biyu a gefen allo, yana bisimilla, kafin ya fara. Ko da biro ne sai ya yi. Ka manta?"

Ban manta ba. Da ta faɗa na ji ƙarar a kunnena.

Na ce, "Wannan na roba ne, ba tawada. Kuma a katin babu ɗigo."

Ta ce, "Ni ban san katinku ba. Na san ubana."

To yanzu fa? In na sake shi ya ɗiga, manhajar ta ce ƙazanta ce, lambu ya tafi. In na matse shi, ashe ya ɗiga a wancan karon aka datse a hoto, lambu ya tafi. Malama ba ta ɗaga waya, Doguwa ba sabis. Gilashi ɗaya, gwaji ɗaya, kuma ni ne zan zaɓa, ni da na riga na ƙona ɗaya.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da asuba

Zan matse.

Alhamis, bayan La'asar



Malama ta iso wajen sha ɗaya, idonta ja don gajiya. Shaidu biyu: liman, da Alhaji Maikano da kansa, wai ya zo duba mai jiki. Ya kawo lemo guda uku. Ya zauna a kujerar da ta fi kyau ya ce, "To, a yi mu gani, ita dai ba ta ƙarya."

Na zauna bayan Baba. Yaya ta sa alƙalamin roba a yatsunsa, na rufe su da nawa. Na matse wuyan hannun kamar yadda na shirya. Malama ta ɗora allon a kan matashi ta ce, "Daga taɓawar farko."

Na jira fizgar don in danne ta. Ba ta zo ba. Tun ranar Litinin da na yi tsawa ba ya yi sai ya manta. Hannun na kwance cikin nawa, ya bar min komai, yana jira in ja shi inda na ga dama. Sai na ji bakinsa na motsi kusa da kumatuna, ba murya, iska kawai. Bisimilla yake, ba tare da hannun ba.

Ban san me ya shiga kaina ba. Na sassauta. Na ce a kunnensa, "Kakkaɓe, Baba."

Maikano ya yi gyaran murya.

Tak. Tak.

Ɗigo biyu baƙaƙe a kusurwar gilashi. Na ji Malama ta ja numfashi. Na rufe ido, muka tafi. Ban san wa ya ja wani ba. Daga dama muka gangaro, a tsakiya na ji ya ɗan tsaya inda ni da na wuce, na jira shi. A wutsiyar ƙarshe ya fizge da kansa har alƙalamin ya zame daga gilashin ya faɗi a tabarma.

Allon ya yi tunaninsa. Ban taɓa tsanar abu kamar ɗan da'irar nan mai juyawa ba.

73. Kore.

Liman ya yi hamdala. Yaya ta rufe fuska da mayafi ta fita. Alhaji Maikano ya ce, "Ai na faɗa, ba ta da son kai," ya tashi. Na ce, "Alhaji, ka manta lemonka." Liman ya harare ni.

Malama ta ce, "Yanzu na baya ya buɗe. Kuna son gani?" Ta juyo da allon wajen Baba.

Gilashi fari. Sai ɗigo ɗaya a kusurwa, sai na biyu. Sai ɗan shiru, daidai tsawon bisimilla. Sannan sunan ya taho da gudu, ba hannu ba alƙalami, hannun Baba na shekara uku da suka wuce, lafiyayye, mai taƙama, yana danna inda yake dannawa yana ɗagawa inda yake ɗagawa. Ashe duk wannan yana ajiye a cikin abin nan. Baba ya ɗaga yatsan hagu, ta sake kunnawa. Ya sake ɗagawa. Sau huɗu.

Na ce, "Baba."

Ya juyo da ƙyar. Ya yi magana, sai da ya maimaita na gane. Ya ce, "Kana... gaggawa... a tsakiya."

Wata guda da kwana goma, abin da ya fara ce min ke nan.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da hantsi

Na dasa albasa, kunya takwas.

Har yanzu ina nan a kan bakana, manhajar nan 'yar banza ce, kuma zan gaya wa injiniyan in ya dawo daga Kano. Amma na yi ta juya lambar a raina ina dashe. Saba'in da uku na Baba ne. Ashirin da bakwai ɗin da ta ƙi, nawa ne.

Juma'a, bayan masallaci

Na sauke buhun. Gara ta ci unguwa guda, daga gidan Sarkin Ruwa zuwa bakin kasuwa, sai an tambaye shi baki da baki, kuma kalma ɗaya tana ɗaukarsa minti guda. Zan haukace kafin mu gama.

Yaya ta jiƙa tawada a kurtu. Na tsoma alƙalami na kai kan takarda zan fara, sai ji na yi tas a bayan hannuna. Da na hagu ya doke ni.

Na koma gefe na buga sau biyu.